Shin darussan tushen ilimi suna bin malami zuwa cikin aji, ko a ɗakin jarrabawa suke ƙarewa?

Ɗalibar_Malanta:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa na wannan zaure. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe ta karatun NCE, wato shaidar malanta ta ƙasa, kuma yau makonni biyar ke nan ina aikin koyarwa na gwaji a wata firamare ta gwamnati, inda aka damƙa mini aji uku mai yara 94. Tun shigarmu kwaleji muke karanta darussan da ake kira tushen ilimi, wato tarihin ilimi, falsafar ilimi, ilimin halayyar ɗalibi da ilimin zamantakewa. Na haddace matakai huɗu na bunƙasar hankalin yaro da masanin halayyar yara Piyaje ya zayyana, na haddace rabe-raben manufofin darasi na masanin ilimi Bulum, kuma na ci jarrabawarsu da maki mai kyau. Amma ranar da na tsaya a gaban waɗannan yara, fiye da rabinsu suna zaune a ƙasa, babu ko ɗaya daga abin da na haddace da ya faɗo mini a rai. Abin da ya fisshe ni shi ne kwaikwayon malamar ajin, wadda take faɗa yara suna amsawa da amshi. Ina roƙon waɗanda suka daɗe a aikin su gaya mini gaskiya: waɗannan darussa suna da amfani a cikin aji, ko kuwa an sa su ne domin mu samu takardar shaida?

Tsohon_Hedimasta:
Wa alaikumus salam, 'yata. Abin da ya same ki ya samu kusan kowa a cikinmu, don haka kada ki ɗauka gazawarki ce. Ni horon malamai mai daraja ta biyu na yi, kafin a mayar da NCE mafi ƙarancin shaidar da ake koyarwa da ita, kuma na yi shekara 33 ina riƙe da alli. A zamaninmu ba a cika mu da sunayen masana ba, amma an yawaita shigar da mu aji muna koyarwa malami yana zaune a baya yana rubuta kurakuranmu, har da yadda mutum yake juya wa yara baya idan yana rubutu a allo. Ra'ayina shi ne waɗannan darussa suna da amfani, sai dai ba a shekarar farko ake ganinsa ba, domin sabon malami hankalinsa yana kan yadda zai sa aji ya yi shiru ne kawai. Sai tsoro ya sake shi sannan yake fara lura da yaran ɗaya bayan ɗaya, kuma a lokacin ne abin da ya karanta yake dawo masa.

Malamar_Lissafi:
Ƙanwata, bari in ba ki abin da za ki gwada gobe da hannunki. Ki samo kofuna biyu iri ɗaya ki zuba musu ruwa daidai wa daida, ki kira yaro ɗan shekara biyar ko shida ya tabbatar da cewa ruwan ɗaya ne. Sai ki juye na kofi guda a cikin doguwar siririyar gora a kan idonsa, ki tambaye shi wanne ya fi yawa. Yawancinsu za su nuna gorar, domin idonsu yana kan tsawon ruwan. Ki sake yi da ɗan shekara takwas ko tara, zai ce miki ai ba a ƙara ba kuma ba a rage ba. Wannan shi ne abin da Piyaje, masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, yake nufi da cewa yaro tsakanin shekara bakwai zuwa goma sha ɗaya yana iya yin tunani mai tsari, amma a kan abin da yake gani yana taɓawa.

'Yan ajinki suna cikin wannan mataki. Na taɓa yin mako guda ina rubuta 1/2 da 1/4 a allo, yara suna kwafa ba su san abin da suke kwafa ba. Ranar da na shigo da rake na yanka shi biyu, na sake yanka kowane ɓari biyu, na tambaye su wa zai yarda a ba shi rubu'i alhali an ba ɗan'uwansa rabi, ajin gaba ɗaya ya ɗauki surutu, kowa yana cewa an cuce shi. Tun daga ranar ban sake shan wahalar wannan darasi ba. Sai dai kada ki riƙe shekarun da Piyaje ya ambata kamar ba su motsi. Akwai yarinya 'yar shekara bakwai a ajina da take tallan gyaɗa da yamma, wadda take ba da canjin naira ɗari biyar da ka ba tare da kuskure ba, amma idan aka rubuta mata lissafin nan a takarda sai ta tsaya tana kallo.

Malamin_Kwaleji:
Ni ina cikin masu koyar da waɗannan darussa, kuma ba zan kare kaina ba, wani ɓangare na laifin namu ne. Muna shiga ɗakin lacca mai ɗaruruwan ɗalibai mu karanta musu cewa Jon Diwi, masanin falsafa na Amurka, ya ce yaro yana koyo ta hanyar aikatawa, alhali mu da kanmu ba mu ba su damar aikata komai ba sai haddar takardun lacca. Ɗalibin da aka koya wa falsafa ta wannan hanya yana da hujja idan ya ce bai ga amfaninta ba.

Amma ki lura, Ɗalibar_Malanta, da abin da kika faɗa da bakinki, cewa malamar ajin tana faɗa yara suna amshi. Tambayar ko wannan koyarwa ce ko horarwa ce kawai, ita ce ainihin aikin falsafar ilimi. Akwai bambanci tsakanin horar da yaro ya maimaita abu har ya zauna masa, da koyar da shi har ya san dalilin abin, da kuma cusa masa ra'ayi ta yadda ba zai iya tambaya ba. Amshi yana da wurinsa, domin jadawalin ninkawa da haruffa suna buƙatar maimaici. Malamin da bai taɓa tunani a kan wannan bambanci ba shi ne zai koyar da komai da amshi, ya tashi aji yana jin ya yi aiki saboda muryoyi sun tashi. A 1949 masanin ilimi Ralf Taila ya tattara tsara manhaja a cikin tambayoyi huɗu: me makaranta take son cimmawa, waɗanne ayyuka za su kai yaro ga hakan, yaya za a jera su, kuma yaya za a gane an cimma. Duk shirin darasin da kike rubutawa da daddare amsar waɗannan tambayoyi ne, ko an gaya miki ko ba a gaya miki ba.

Ɗan_Zaure:
Allah ya gafarta Malam, ina da ƙorafi a kan abin da ake koyarwar shi kansa. Me ya sa kullum ake fara mana da masanan Yamma irin su Aflatun da Ruso da Diwi, kamar mu ba mu da magabatan da suka yi tunani a kan tarbiyya? Ibn Khaldun ya yi bayani a littafinsa Muƙaddima cewa a riƙa ba ɗalibi ilimi sannu a hankali, a bi fanni sau uku, a fara da dunƙulallun mas'aloli sannan a riƙa faɗaɗawa gwargwadon ƙarfin fahimtarsa. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru, ta naɗa jajiyoyi masu kai karatu ga matan ƙauyuka ta hanyar waƙoƙin da ta rubuta da Hausa da Fulatanci. Wannan horon malamai ne da ilimin manya tun kafin a kafa kwaleji ko ɗaya a ƙasar nan.

Ko matsalar yara 94 da 'yar'uwarmu take kuka da ita, tsangaya ta daɗe da sanin hanyarta. Malam guda yana riƙe da almajirai masu yawa saboda gardi yana biya wa titibiri, titibiri yana taimakon ƙolo, kuma kowa yana kan allonsa, ba a wanke wa yaro sai ya iya abin da aka rubuta masa. Ina ganin da an koya wa ɗaliban kwaleji wannan da idon basira, da sun fi saurin gane abin da ake nufi.

Malamar_Lissafi:
Abin da Ɗan_Zaure ya kawo game da gardi da ƙolo ya yi kusa da ra'ayin Bigotski, masanin Rasha da ya rasu a 1934, wanda ya ce akwai tazara tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya idan wanda ya fi shi sani ya kama masa, kuma a cikin wannan tazara koyo yake faruwa. Ban taɓa jin an haɗa mana su biyun a kwaleji ba, kuma na yarda cewa asara ce.

Mai_Nazarin_Tarihi:
Ina son in ɗan gyara wa Ɗan_Zaure, cikin girmamawa. Darasin tarihin ilimi a Najeriya yana ɗauke da ilimin gargajiya da na Musulunci kafin a zo kan zuwan mishan da Turawan mulki. Matsalar ita ce ana ratsa su da sauri a matsayin abin da ya wuce, ba a tsaya a tambayi abin da za a ɗauka daga gare su ba.

Sannan ina son in nuna wa mai tambaya cewa ajinta shi kansa tarihi ne ya haife shi. Makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa ita ce wadda Hans Fisha, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 domin horar da malamai aka yi ta, kuma daga cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka fito, dukansu biyu kuma sun koyar kafin su shiga siyasa. Ɗalibai kaɗan ne, zaɓaɓɓu, shi ya sa malanta take da ƙima a idon jama'a. Bayan rahoton kwamitin Ashbi kan ilimi mai zurfi na 1960 ne aka buɗe manyan kwalejojin horon malamai irin ta Zariya a 1962, waɗanda suka fara ba da shaidar da kike nema yanzu. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, yaran da suka zo sun zarce kirdadon da aka yi nesa ba kusa ba, aka shiga horar da malamai cikin gaggawa, kuma a shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. Shirin ilimin bai-ɗaya na UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999 ya ƙara buɗe ƙofa. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami guda ga yara 35 a firamare, ke kuma kina da 94. Malamar da ta san yadda aka zo nan ba za ta ɗora laifin cunkoso a kan kanta ko a kan yaran ba, kuma za ta san abin da ya kamata ta nema a taron iyaye da malamai.

Ɗan_Damagaram:
Ina gaida 'yan'uwa daga Nijar. Mu ma a makarantun horon malamai ana koya mana halayyar yaro da dabarun koyarwa, kuma kukan da 'yar'uwarmu ta yi mun san shi. Amma a wurinmu babban abin da yake rushe duk wata dabara shi ne harshe, domin yaro yana barin gida da Hausa ko Zabarmanci ko Barbarci ya tarar da Faransanci a ranarsa ta farko. Tun 1973 aka fara makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan ƙasa, kuma a nan Damagaram aka soma, amma har yau yawancin yara da Faransanci suke fara karatu. Ina so in ji ko a wajenku darasin tushen ilimi yana taɓo wannan batu.

Uwar_Aji_Ɗaya:
Yana taɓowa, Malam, domin kowane ɗalibin kwaleji ya ji labarin gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, aka koya musu Turanci a matsayin darasi, kuma sakamakon ya nuna ba su koma baya ba ko a Turancin. Ni na ga irinsa a ƙaramin ajina. Akwai yaron da ya yi zango guda bai buɗe baki ba, har na rubuta a littafina cewa yana da raunin fahimta. Wata rana ina koyar da sunayen dabbobi na gaji na koma Hausa, na tambaya wa ya san yadda ake gane akuya za ta haihu. Yaron nan ya miƙe ya yi bayani tiryan-tiryan, tun daga yadda hantsarta take cika har zuwa yadda take ware kanta daga garke, sauran yara suna sauraronsa baki buɗe. Na koma gida na soke abin da na rubuta a kansa, kuma daga wannan mako na fara koya masa karatu da kalmomin kiwo.

Mai_Makarantar_Unguwa:
Ku yi mini haƙuri, ni zan saɓa wa yawancinku. Ina da ƙaramar makaranta mai zaman kanta, kuma duk shekara ina gwada masu neman aiki. Na sha ganin wanda zai lissafo mini matakan Piyaje ba tare da tuntuɓe ba, amma idan na ba shi lissafin aji biyar ko na ce ya rubuta wasiƙa ta layi goma sai abu ya gagara. Kowa ya tuna jarrabawar da aka yi wa malaman firamare a Jihar Kaduna a 2017, inda aka sanar cewa fiye da dubu 21 ba su kai makin da aka gindaya ba a tambayoyin matakin aji huɗu. An yi ta jayayya a kan yadda aka gudanar da ita, amma ba wanda ya ce falsafa ce ta kayar da su. A ganina a rage lokacin waɗannan darussa a ƙara wa ɗalibi sanin abin da zai koyar. Game da harshe kuwa, iyayen da suke biyan kuɗi Turanci suke son su ji a bakin ɗansu tun zangon farko, kuma ba ni da ikon in ce musu a'a.

Malamin_Kwaleji:
Alhaji, na yarda da kai cewa wanda bai san abu ba ba zai koyar da shi ba, kuma babu dabarar da za ta rufe wannan giɓi. Amma sanin lissafi daban, sanin yadda yaro yake kuskure a lissafi daban. Ka ba yara su cire 17 daga 32, za ka tarar da yawa sun rubuta 25. Wanda ya iya lissafi kawai zai sa musu jan biro ya sake yin misalin a allo da ƙarfi. Wanda ya karanci yadda yara suke tunani zai gane cewa ba ka-cici-ka-cici suka yi ba, wata ƙa'ida suka ƙirƙira wa kansu, wato a kowane layi su cire ƙaramin adadi daga babba, biyu daga bakwai saura biyar, ɗaya daga uku saura biyu. Maganinsa shi ne a kawo tsinken tsintsiya a ɗaure goma-goma, yaro ya kwance ɗauri guda da hannunsa kafin ya cire bakwai. Idan aka rage darussan tushe aka ƙara lissafi zalla, za a samu malamin da ya san amsa amma bai san me ya sa yara talatin suka ba shi amsa iri ɗaya da ba daidai ba.

Tsohon_Hedimasta:
Tun da an ambaci jan biro, bari in ƙara da bulala, domin a nan ne na fi nadama a aikina. Na taso a kan cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, na kuma fahimce shi da cewa duka ne tanƙwarawar. Na yi shekaru kafin in lura cewa yaran da na fi duka a kan kuskuren karatu su ne suka daina ɗaga hannu, wasu suka koyi kwafar aikin abokansu. Daga baya wani malamin Arabiyya ya nuna mini cewa Ibn Khaldun, wanda Ɗan_Zaure ya ambata, ya rubuta cewa tsanantawa ga ɗalibi tana koya masa ƙarya da yaudara saboda tsoro. Da na ji wannan tun ina saurayi, da yara da yawa sun tsira daga hannuna.

Jami'ar_Duba_Makarantu:
Aikina shi ne zagaya makarantu ina duba littattafan shirin darasi, kuma ina son in mayar da mu kan tambayar farko. Abin da na fi gani shi ne malami ya rubuta cewa a ƙarshen darasi yara za su fahimci kaza. Idan na tambaye shi yadda zai gane sun fahimta, sai ya yi shiru. Amfanin aikin da Bulum da abokansa suka fitar a 1956 shi ne ya tilasta wa malami ya faɗi abin da yaro zai yi a gani, ko ya ambata, ko ya bayyana da kalmominsa, ko ya yi amfani da shi a sabon wuri. Mafi yawan tambayoyin da nake gani a jarrabawar ƙarshen zango ba su wuce matakin tunawa.

Ilimin zamantakewa kuwa shi ne aka fi rainawa, alhali shi ne yake buɗe ido ga abin da ake kira ɓoyayyar manhaja, wato darasin da yara suke ɗauka ba tare da an rubuta shi a jadawali ba. Na shiga aji na tarar 'yan mata ne kaɗai suke shara kullum, masu sabon yunifom suna kan benci a gaba, marasa takalmi suna ƙasa a baya, kuma malamar ba ta taɓa kiran sunan ko ɗaya daga na bayan ba har aka tashi. Ba mugunta ce ta sa ta ba, ba ta lura ba ne. Ɗalibar_Malanta, ki ƙirga gobe ki ga su wa kike kira.

Ɗalibar_Malanta:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na jinkirta amsa ne domin in gwada wasu abubuwan tukuna. Na raba ajin gida goma, na sa wa kowane rukuni yaro guda da ya fi iya karatu, kamar yadda Ɗan_Zaure da Malamar_Lissafi suka nuna. Rukuni shida sun yi aiki sosai, amma a sauran huɗun shugabannin sun koma ba da umarni, ɗaya har ya samo tsumagiya, kuma hayaniyar ta sa malamin ajin da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo. Na kuma yi ƙirgar da Jami'ar_Duba_Makarantu ta ce, na tarar a darasi guda na kira yara goma sha ɗaya, tara daga cikinsu a layuka biyun gaba suke. Har yanzu ban ga inda falsafa ta shigo mini kamar yadda na ga na halayyar ɗalibi ba, kuma maganar Mai_Makarantar_Unguwa ta tsaya mini a rai, domin ni kaina sai da na sake bitar raba lambobi masu yawa kafin in koyar da shi.

Mai_Makarantar_Unguwa:
Malama, wannan bitar da kika yi ita nake nufi, kuma ina nan a kan ra'ayina cewa kwaleji ce ya kamata ta tabbatar da ita kafin ta tura ki aji.

Uwar_Aji_Ɗaya:
Game da shugabannin rukuni, ƙanwata, kada ki bar wa yaro ɗaya muƙamin fiye da mako guda, kuma ki ware minti goma kafin a shiga aji ki nuna musu yadda ake taimako ba tare da an faɗa wa ɗan'uwa amsa ba. Ina kuma son Malamin_Kwaleji ya yi mana bayanin yadda ake gudanar da auna fahimta na yau da kullum a aji irin wannan, domin idan malama za ta duba littattafai 94 a kowane darasi, ko minti ɗaya-ɗaya ta ba su ta cinye fiye da sa'a ɗaya da rabi, kuma darussa biyar ko shida take da su a rana.